Wai da izinin wa kuka shigo? Rigimar 'yan asalin Ostiraliya da gwamnatin da taƙi amsa tambaya ɗaya

Ina jin da yawanku kun ga bidiyon nan na watan Oktoban 2024, lokacin da Sarki Charles na Ingila, wanda a doka shine kuma sarkin Ostiraliya, ya kai ziyara ƙasar. Ya gama jawabi kenan a babban zauren majalisa a Canberra, manya duk sun sha kwat suna tafi, sai ga wata mata sanye da mayafin fatar dabba irin na gargajiyarsu ta nufo gaba tana ɗaga murya, tana ce masa wannan ba ƙasarka bace, kai ba sarkina bane, ku dawo mana da ƙasarmu da ƙasusuwan kakanninmu da kuka kwashe, ku zauna muyi yarjejeniya. Masu gadi suka yi waje da ita tana ta faɗa har bakin ƙofa. Matar nan fa ba wata 'yar tasha bace, sanata ce mai ci, Lidia Thorpe sunanta. Majalisar dattawa ta tsawatar mata daga baya, kuma ko cikin danginta 'yan asali akwai waɗanda suka ce ba da yawunsu tayi ba, rashin ɗa'a ne kawai ga baƙo. To ni dai zancen ladabi na barwa masu shi. Abun da ya tsaya min shine maganar da ta faɗa cikin hayaniya, ita ce dai maganar da manyan lauyoyi suke faɗa cikin natsuwa shekara da shekaru, kuma har yau babu kotun da ta iya warware ta.

Bari mu fara daga dokar su Turawan da kansu. A zamanin mulkin mallaka hanya uku ce suka yarda ƙasar wasu zata iya zama taka. Ko ka cita da yaƙi, ko masu ita su sallama maka da yarjejeniya, ko kuma ka tarar da ita fayau babu mai ita ka zauna. Ta farkon mun santa a gida, don a 1903 da Lugga ya shiga Sakkwato ai ƙiri-ƙiri ya faɗa cewa abun da Fulani suka samu da takobi yanzu ya koma hannun Birtaniya tunda an cisu da yaƙi. Zalunci ne, amma ko ba komai ya yarda akwai masu gida, akwai sarauta, akwai wanda aka ƙwace daga hannunsa. Ta biyun ita aka bi a Niyu Zilan, inda aka sa hannu a yarjejeniyar Waitangi da sarakunan Mawori a 1840, duk da an yi ta cin amanarta daga baya, takardar tana nan ana kafa hujja da ita a kotu. Ostiraliya kuwa sai aka zaɓi ƙofa ta uku, wai ƙasa ce marar mai ita, abun da suke kira terra nullius da Latinanci.

Marar mai ita fa aka ce. Alhali mutanen nan sun fi shekara 50,000 a wajen, wasu binciken ma sun kai shi 65,000, suna da harsuna wajen 250, kowace al'umma ta san iyakarta, ta san rijiyoyinta da wuraren ibadarta da wanda zai aura da wanda bazai aura ba. Abun haushin ma shine umarnin da aka ba Kyaftin Cook, matuƙin jirgin ruwan Birtaniya da ya fara kafa musu tuta a can, daga Landan ya ce in zai karɓi ƙasa ya karɓa da yardar mutanen wurin. Bai tambayi kowa ba, a 1770 ya kafa tuta ya ce gabashin nahiyar ya zama na Sarki George. Ranar 26 ga Janairun 1788 aka sauke jirage 11 cike da fursunoni da sojoji a inda Sydney take yanzu, kuma wannan ranar ce har gobe ake hutun ranar ƙasa, su kuma 'yan asali suna fita zanga-zanga suna kiranta ranar mamaya.

Akwai wani labari da yake nuna cewa da gangan aka yi, ba wai rashin sani bane. A 1835 wani Bature mai suna John Batman ya je yankin da Melbourne take a yau, ya zauna da dattawan Wurundjeri ya basu barguna, wuƙaƙe, almakashi, madubai da fulawa, ya ce ya sayi fili mai faɗin gaske. Cuta ce tsagwaronta, kowa ya sani. Amma gwamna Bourke da ya soke cinikin ba don tausayin dattawan ya soke ba, cewa yayi ba wanda ya isa ya sayi ƙasa daga hannunsu tunda tun farko ba tasu bace, ta Sarkin Ingila ce. Kaga in ya bar cinikin ya tsaya to ya amsa cewa akwai mai sayarwa kenan, in akwai mai sayarwa kuma ƙaryar ta ruguje.

Kuma an yi yaƙi, sunansa ne dai aka ƙi faɗa. Sama da shekara ɗari ana kashe-kashe a bakin iyakar makiyaya, ga agana da sauran cututtuka da suka share garuruwa. A Myall Creek a 1838 an ɗaure mutum aƙalla 28, yawanci mata da yara da tsofaffi, aka karkashe, kuma abun da yasa ake yawan tunawa da shi shine an rataye Turawa bakwai a kai, wanda ba kasafai ake yi ba. Har a 1928 an yi irin wannan kisan a Coniston. Bayan bindiga sai aka koma kwashe yara, musamman waɗanda suka haɗa jini da Turawa, a raba su da uwayensu a kai gidajen mishan ko gidajen Turawa suyi aikatau, a hana su yarensu. Rahoton gwamnati na 1997 ya ce tsakanin 1910 da 1970 daga yaro ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin uku aka ɗauke. Wasunsu suna raye yanzu haka, tsofaffi ne masu jikoki, wannan ba tarihin kaka da kakanni bane.

Mu nan muna cewa baƙo raɓa ne, kuma namu baƙon haka yayi, 1960 ya naɗe tabarmarsa. Nasu baƙon ya zo da iyali ya haihu ya hayayyafa har ya zama shine gari. Yau 'yan asalin, wato Aborijinawa da mutanen tsibiran Torres, gaba ɗayansu basu kai miliyan ɗaya cikakke ba a lissafin 2021, kashi 3.8 cikin ɗari na jama'ar ƙasa. Ka riƙe wannan lambar, duk rigimar a kanta take juyawa, don wanda yake kashi 4 ba zai taɓa cin zaɓe shi kaɗai ba, komai gaskiyarsa sai ya roƙi kashi 96.

Duk da haka basu zauna ba. A 1963 mutanen Yolngu na Yirrkala suka aika wa majalisa koke a manne jikin ɓawon itace da zanen gargajiya, saboda an yanka ƙasarsu an ba kamfanin haƙar ma'adinin alminiyam ba tare da ko sallama ba, suka je kotu a 1971 suka faɗi. A 1966 wani dattijo Vincent Lingiari ya ja mutanensa Gurindji wajen 200 suka bar aikin kiwo a gandun shanun Wave Hill na kamfanin Vestey. Da farko kowa ya ɗauka rigimar albashi ce, don kusan a kan abinci da 'yan kuɗi kaɗan suke aiki, aka yi ta lallashi da ƙarin kuɗi suka ce a'a, ƙasar muke so. Shekara tara suna zaune a bakin rafi. A 1975 firaminista Gough Whitlam ya je har can, ya duƙa ya damƙo jan ƙasa ya zuba a tafin hannun tsohon, hoton nan yana cikin hotunan da aka fi sani a tarihin ƙasar. Sai kuma samari huɗu da suka je gaban majalisa ranar 26 ga Janairun 1972 suka kafa lemar bakin teku guda ɗaya suka rataya allo suka rubuta ofishin jakadanci, ma'ana tunda kun maida mu baƙi a ƙasarmu to ga ambasadanmu. Wannan tantin yana nan har yau.

A tsakiyar nan ne aka yi ƙuri'ar raba gardama ta 1967, inda sama da kashi 90 suka amince a rinƙa ƙirga 'yan asali cikin jama'ar ƙasa kuma gwamnatin tarayya ta samu ikon yi musu doka. Af, zancen da ake yawo da shi a intanet wai kafin nan a cikin dabbobi da tsirrai doka ta lissafa su, babu wata doka haka, abun da aka yi musu na gaske ma ya isa ba sai an ƙara gishiri ba.

Yanzu ga inda maganar take da nama. Eddie Mabo mutumin wani ɗan tsibiri ne da ake kira Mer, yana aikin lambu a jami'ar James Cook a Townsville, wata rana yana hira da malaman tarihi biyu yana basu labarin gonar gidansu, sai suka ce masa ai a doka wannan filin ba naka bane na gwamnati ne. Mutumin ya kasa yarda. Gonar da ya san iyakarta, ubansa ya sani, kakansa ya sani? A 1982 suka shigar da ƙara shi da 'yan uwansa, shari'a ta ci shekara goma, ciwon daji ya kashe shi a Janairun 1992, wata biyar kafin hukunci. Ranar 3 ga Yunin 1992 alƙalai shida cikin bakwai na kotun ƙoli suka ce zancen ƙasa marar mai ita ƙarya ne, akwai masu ita, kuma haƙƙinsu na gado bai mutu don an kafa tuta ba.

Sai dai ka karanta hukuncin da kyau kaga inda aka yi wayon. Kotun ta raba abu biyu, mallakar fili daban, ikon mulkin ƙasa wato diyauci daban. Ta ce fili zamu iya dubawa, amma yadda Birtaniya ta samu ikon mulki wannan ba hurumin kotun cikin gida bane. Kuma in ka duba ba ƙarya suka yi ba, alƙalin da Sarauniya ta naɗa ta yaya zai yanke cewa Sarauniyar bata da iko, ai ya sare reshen da yake zaune a kai. To amma sai aka bar rami a buɗe. Ba a ci ƙasar da yaƙi a hukumance ba, ba a yi yarjejeniya ba, yanzu kuma kotu ta ce ba fayau aka same ta ba. Ƙofa uku duk an rufe, ta ina aka shigo kenan? Wannan shine abun da suke nufi in kaji suna cewa ba mu taɓa sallama diyaucinmu ba.

Shi kansa haƙƙin filin da aka bayar a dokar 1993 da ƙaya a jikinsa. Duk inda gwamnati ta riga ta ba wani takardar mallaka to naka ya mutu, wato birane da gonaki masu kyau sun tafi kenan. Inda ya rage kuma sai ka tabbatar wa kotu cewa tun zuwan Turawa har yau baku yanke hulɗa da wurin bisa al'adarku ba. Ka duba fa, wanda ya kore ka daga gida, ya ɗauke 'ya'yanka, ya hana ka yarenka, shine yake cewa kawo shaidar baka taɓa barin gidan ba. Mutanen Yorta Yorta na bakin kogin Murray haka suka faɗi, alƙali ya ce musu igiyar tarihi ta wanke al'adarsu, kotun ƙoli ta tabbatar a 2002. Wanda aka fi zalunta shi yafi rasawa. A takarda kusan rabin faɗin ƙasar yanzu akwai wani nau'in wannan haƙƙin a kai, amma yawanci hamada ce da daji, kuma sau da yawa izinin farauta da kamun kifi da bukukuwan al'ada ne kawai tare da masu gandun shanu, ma'adinan da ke ƙarƙashi na gwamnati ne, in kamfani ya zo zaku iya ciniki na wata shida amma ba ku da ikon cewa a'a. Dokar filaye ta yankin Arewa na Ostiraliya ta 1976 ce kaɗai ta fi ƙarfi a nan.

In kana son ganin abun ƙuru-ƙuru ka dubi kogon Juukan a yammacin ƙasar. Masu tonon tarihi sun samu alamun zaman mutane na shekara 46,000 a ciki, har da wata igiya da aka kitsa da gashin mutum mai shekara 4,000 wadda gwajin jini ya haɗa ta da mutanen da ke raye a yankin yau. A watan Mayun 2020 kamfanin Rio Tinto ya dasa nakiya ya tashi wurin don faɗaɗa haƙar tama, kuma bai karya doka ba, yana da izinin gwamnatin jiha tun 2013. Duniya tayi ca, shugaban kamfanin ya sauka, jihar ta yi sabuwar dokar kare irin waɗannan wurare, ta fara aiki a Yulin 2023, manoma da masu haƙa suka yi ihu, cikin sati biyar gwamnati ta ce ta janye.

Wani zai ce to duk wannan zancen tuta da takarda me zai ƙara wa talaka a tukunya? Tambaya ce mai kyau kuma ita ce ta raba kan 'yan asalin su kansu. Alƙaluman dai basu da daɗin ji. Ɗan asali yana mutuwa da wajen shekara takwas kafin sauran 'yan ƙasa. Su ne kashi 4 amma sama da ɗaya cikin uku na manyan da ke kurkuku, a gidajen tsare yara kuwa sun fi rabi, kuma a yawancin jihohi yaro ɗan shekara 10 ana iya gurfanar da shi, yankin Arewa ya ɗaga zuwa 12 a 2023 sabuwar gwamnati ta zo a 2024 ta maida shi 10. Kwamitin binciken mace-mace a hannun hukuma ya duba mutuwar mutum 99, ya bada shawara 339 a 1991, babban abun da ya gano shine yawan kamun ne matsalar, a daina kulle mutane kan ƙananan laifuka. Daga lokacin zuwa yanzu sama da 500 sun sake mutuwa a tsare, cikinsu har da wata 'yar shekara 22 da aka kulle a 2014 saboda tarar da bata kai dala 4,000 ba. Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafarar yaran da aka kwashe a majalisa a Fabrairun 2008, mutane suka yi ta kuka a gaban talabijin, aka ƙaddamar da shirin cike giɓin da ke tsakanin 'yan asali da sauran 'yan ƙasa, yau cikin muradu 19 da aka sa a gaba huɗu ko biyar ne kawai suke kan hanya, yawan yaran da hukumar jin daɗi ke rabawa da iyayensu ma ƙaruwa yake.

Masu ra'ayin riƙau irin su sanata Jacinta Price, wadda ita ma 'yar asali ce daga Alice Springs, cewa suke a bar kukan mulkin mallaka, matsalar ƙauyuka giya ce da dukan mata da yara basa zuwa makaranta, kuma manyan 'yan boko na birni ne ke cin kuɗin da sunan talakawa. Gaskiya akwai abun dubawa a maganarta, dukan mata a waɗancan ƙauyukan ba ƙage bane. Inda na rabu da ita shine maganin. An gwada na ƙarfi ai, a 2007 gwamnatin firaminista Howard ta tura har da sojoji ƙauyukan Arewa, ta dakatar da dokar hana wariyar launi don ta samu damar riƙe rabin kuɗin tallafin mutane a kati, ba a shawarci kowa ba, shekaru suka wuce giɓin yana nan. Abun da yake ɗan aiki shine wanda suke riƙe da shi da hannunsu, kamar asibitocin al'umma da suka fara a unguwar Redfern a 1971 yanzu sun haura 140, su ne suka rufe ƙauyuka da wuri lokacin korona shekarar farko cutar bata yi musu ɓarnar da aka ji tsoro ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma in ka tambayi yawancin masu zancen diyauci abun da suke nufi kenan, ba ɓallewa ba, ba korar Turawa zuwa teku ba, a daina yanke musu hukunci suna waje.

Wannan tunanin ne ya haifi sanarwar Uluru a Mayun 2017, wakilai wajen 250 suka taru a gindin jan dutsen nan suka nemi abu uku a jere, murya, yarjejeniya, faɗin gaskiya. Muryar ba wani abun tsoro bace, majalisar bada shawara ce kawai, bata yin doka bata hana doka bata raba kuɗi. Dalilin da yasa suka dage a saka ta cikin tsarin mulki shine duk irinta da aka taɓa kafawa wata gwamnati tana zuwa ta rushe, kamar wata mai suna ATSIC da aka binne a 2005. Firaministan lokacin Turnbull ya yi watsi da buƙatar, Albanese ya ɗauka a daren da ya ci zaɓen da ya maida shi firaminista a 2022, aka je ƙuri'a ranar 14 ga Oktoban 2023.

Kashi 60 suka ce a'a, duk jihohi shida suka ce a'a. Dama gyaran tsarin mulki a can sai an samu rinjayen jama'a da kuma rinjaye a jiha huɗu, cikin 45 da aka gwada 8 ne suka wuce, kuma babu wanda ya taɓa wucewa in babbar jam'iyyar adawa bata goyi baya ba, to da shugaban adawa na lokacin Peter Dutton ya ce baya yi an san inda aka dosa. Taken masu a'a ma mai sauƙi ne, in baka gane ba kace a'a. Su kuma masu eh suka yi ta dogon turanci, aka tambaye su mutum nawa ne a majalisar, ya za a zaɓe su, suka ce sai bayan ƙuri'a majalisa zata tsara, ga tsadar rayuwa tana cin mutane, wannan sakaci ne babba a ganina. Wani abun mamakin shine ita Thorpe ɗin da muka fara da ita a'a tayi, daga ɗaya gefen, ta ce kujerar bada shawara a gidan wanda ya ƙwace maka gida raini ne, yarjejeniya tukunna. Amma a rumfunan zaɓe na ƙauyukan da 'yan asali suka fi yawa eh ce tayi rinjaye sosai. Wato waɗanda abun ya shafa sun ce suna so, maƙwabta suka ce ba za a basu ba, shugabannin 'yan asali suka yi sati guda basu ce uffan ba, aka sauko da tutocinsu rabin sanda.

Tun daga nan gwamnatin tarayya ta ja bakinta ta tsuke, kwamitin yarjejeniya da faɗin gaskiya da aka yi alkawari shiru kake ji, kamar dai yadda firaminista Bob Hawke ya yi alkawarin yarjejeniya a 1988 ya sauka bai cika ba. Maganar ta koma jihohi, kowa da kiɗansa. Queensland ta soke dokarta ta neman yarjejeniya a ƙarshen 2024 da gwamnati ta canja hannu. Ostiraliya ta Kudu ta kafa tata muryar da dokar jiha. Victoria ce ta yi nisa, kwamitinta na gaskiya mai suna Yoorrook ya gama aiki a 2025 ya ce abun da aka yi a jihar kisan ƙare dangi ne, sannan a Nuwamban 2025 aka sa hannu a yarjejeniya ta farko a tarihin ƙasar, shekara 190 bayan barguna da almakashin Batman a wannan yankin dai. Bata taɓa gidan kowa ko gonar kowa ba, majalisar wakilan 'yan asali ta dindindin ta kafa wadda dole gwamnati ta saurara. Ita ma dai dokar majalisar jiha ce ba tsarin mulki ba, kuma 'yan adawa tun kafin tawada ta bushe suka ce in suka karɓi mulki soke ta zasu yi.